Yadda Za Ka Koyi Magana a Gaban Jama'a ta Hanyar Demostenis na Atina

Yawancin waɗanda suka san sunan Demostenis abu ɗaya suka riƙe game da shi: mutumin Girka nan da ya riƙa cika bakinsa da tsakuwa yana magana har harshensa ya saki. Labarin yana da tushe, za mu kuma zo kansa. Sai dai wanda ya ɗauki tsakuwa kaɗai daga rayuwar mutumin nan ya tafi da mafi ƙanƙantar abin da ya bari. Ni malamin sakandare ne, ni ke riƙe da ƙungiyar muhawara ta makarantarmu, kuma mafi yawan abin da nake sa ɗalibai su yi daga wurinsa na ɗebo. Abin da na yi imani da shi game da shi guda ne: iya maganarsa aiki ne da ya yi da guminsa, mataki bayan mataki, kuma kusan kowane mataki yana nan a rubuce ga mai son bi.

Ka fara sanin inda ya tsaya ya yi maganar. An haife shi a Atina a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya mutu a 322. Shekarun wancan zamani raguwa suke yi in ana ƙirgawa, kuma duk shekarar da zan ambata a nan ta kafin haihuwar ce. Atina ta lokacin ba ta da sarki. Maza 'yan gari ne ke taruwa a kan wani tudu da ake kira Finiks, dubbansu, mai shela ya tambaya ko akwai mai son magana, wanda ya ji zai iya ya hau dandamalin dutse. Yaƙi da sulhu da kuɗin baitulmali duk a nan ake yanke su da ɗaga hannu. Babu lasifika, jama'ar kuma ba su da haƙuri: in ka gundure su, ihu za su yi maka har ka sauka. A kotu mutum shi ke faɗin ƙararsa da bakinsa, gaban masu hukunci 201 ko 401 ko 501, ga tulu mai huji a gindi yana tsiyayar da ruwa. Ruwan na ƙarewa, lokacinka ya ƙare.

Ka fara da maganar da ke ci maka rai

Maganar farko da Demostenis ya yi a bainar jama'a ƙarar gado ce. Mahaifinsa mai hali ne, yana da maƙerar takubba da wuƙaƙe mai bayi 32 ko 33, da wurin haɗa gadaje mai bayi 20. Ya rasu yaron yana da shekara 7, ya bar dukiyar da ta kusa talanti 14 a hannun mutum uku: Afobos da Demofon, 'ya'yan 'yan'uwansa, da Terifidis abokinsa tun na ƙuruciya. Talanti ɗaya dirakma 6,000 ne, a zamanin da ma'aikaci ke samun dirakma ɗaya ko biyu a wuni. Bayan shekara 10, da yaron ya kai munzali, abin da suka miƙa masa a lissafinsa talanti ɗaya ne da 'yan kai. Wasiyya ta ce Afobos ya auri uwar yaron. Ya karɓe kuɗin da aka ware wa auren, auren kuma ya ƙi yi.

Yaron ya je ya zauna gaban Isayos, gwanin shari'ar gado a Atina, ya koyi aikin. Yana da kimanin shekara 20 ya kai Afobos kotu, ya kuma yi nasara, aka yanke a biya shi talanti 10, ko da yake kaɗan ne ya shigo hannunsa saboda kauce-kaucen da aka yi ta yi masa. Daga nan ya shiga sana'ar rubuta wa masu ƙara jawabin da za su haddace su faɗa a kotu.

Saboda haka ba na ba sabon ɗalibi irin taken nan na "likita da malami wa ya fi amfani" a farkon zuwansa. Ina tambayarsa abin da ke damunsa a unguwarsu ko a makaranta, abin da in an taɓo shi a gida ba ya iya yin shiru. Kai ma haka za ka yi. Zaɓi magana ɗaya da ka sani ciki da bai, wadda kuma ta shafe ka. Mai koyo yana fama da abu biyu, tsoron jama'a da rashin abin faɗa. In maganar taka ce, ka rage ɗaya tun kafin ka miƙe.

Ka zo da lissafi da shawara a hannu

In ka karanta jawabinsa na farko a kan Afobos, za ka ga kaso mai yawa na cikinsa lissafi ne: bayi nawa, riba nawa a shekara, ƙarfe da hauren giwa na nawa aka bari, nawa ake bin wane. Maraya ne da aka zalunta, yana da damar ya tsaya ya yi ta kuka, amma sai da ya kafa lambobinsa daram sannan ya nemi tausayin masu hukunci.

Da wannan hali ya shiga siyasa. A 351, yana da shekara 33, ya yi na farko cikin jawabansa a kan Filib sarkin Makidoniya, wanda ke ta cinye garuruwan arewa ɗaya bayan ɗaya alhali mutanen Atina na yawo a kasuwa suna tambayar juna ko akwai sabon labari. Ya yi musu faɗa ƙwarai. Ya ce wani na tambaya ko Filib ya mutu, wani na cewa a'a, ciwo yake. To ina bambancin, ko wannan ya mutu, sakacinku zai samar muku da wani Filib ɗin nan da nan. Bayan faɗan sai ya ajiye musu tsari. A tanadi jiragen yaƙi 50 su zauna cikin shiri. Ban da su, a kafa rundunar da za ta zauna a fagen fama ba dawowa gida: sojan ƙasa 2,000, daga ciki 500 'yan Atina, mahaya doki 200, daga ciki 50 'yan Atina, da jirage masu sauri 10 na rakiya. Ya faɗi kuɗin: talanti 40 na jiragen, 40 na sojan ƙasa a kan dirakma 10 ga kowane mutum a wata, 12 na mahaya a kan dirakma 30, jimla talanti 92 a shekara. Har takardar inda za a samo kuɗin ya sa aka karanta wa taron.

A cikin jawabin akwai tambayar da na fi so. Me ya sa manyan bukukuwan gari ba su taɓa makara ba, amma jiragen yaƙi sai an riga an ci garin da za su ceta suke isa? Ya amsa da kansa: biki doka ta tsara shi, kowa ya san aikinsa tun da wuri, yaƙi kuwa an bar shi kara zube.

Kafin ka rubuta layi ko ɗaya, ɗauki ƙaramar takarda ka amsa waɗannan: me nake so mutanen nan su yi in na zauna? Wa zai yi? Nawa zai ci? Daga ina kuɗin zai fito? Yaushe? In taron unguwa ne a kan rijiyar burtsatse da ta lalace, kowa ya san ya kamata a gyara, kuma mutum goma za su tashi su faɗi haka. Kai ka je wurin mai gyara tukuna, ka zo da farashi, ka raba shi gida-gida, ka faɗi sunan wanda kake ganin ya dace ya riƙe kuɗin. In ka kasa cika takardar nan, ba ka isa miƙewa ba tukuna. Ka kuma sani cewa wannan ba ya tabbatar maka da nasara: mutanen Atina ba su bi tsarin nan ba a lokacin, a 348 kuma garin Olintos, wanda ya yi jawabi uku yana roƙon a kai wa ɗauki, ya faɗa hannun Filib aka sayar da mutanensa bayi.

Ka rubuta, ka sake, ka rage

Abokan hamayyarsa sun sha yi masa gori a kan yawan shiri. Wani ɗan siyasa mai suna Fitiyas ya ce hujjojinsa warin lagwanin fitila suke yi, wato kwana yake yana rubutu. Fulutak, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa fiye da shekara 400 bayan mutuwarsa, ya ce da wuya a ga ya tashi ya yi magana a kan abin da bai shirya ba, ko da jama'a na kiran sunansa yana zaune. Shi kuma bai ɓoye ba. Ya ce jawabinsa ba dukansa ne a rubuce ba, ba kuma dukansa ne da ka ba, sannan ya ƙara da cewa mai shirya magana shi ne mai girmama jama'a, wanda kuwa bai damu da yadda za a karɓi maganarsa ba, ƙarfi ya dogara da shi. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Magana zarar bunu ce, kuma mutanen da suka bar sana'arsu suka zo suka zauna maka suna da haƙƙin ka tauna ta kafin ka fito da ita. A zamaninsa akwai Dimadis, mai baiwar tashi ba shiri ya kwashe taro, har wasu sun fifita shi a kan Demostenis. Bai bar jawabi ko ɗaya a rubuce ba, don haka babu abin da za mu koya daga gare shi yau.

Ga yadda Demostenis yake aikin. Ya gina ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wanda Fulutak ya ce yana nan har zamaninsa. Kullum sai ya sauka ya yi atisaye, wani lokaci ya yi wata biyu ko uku a jere, har yakan aske rabin kansa don kunya ta hana shi fita ko zuciyarsa ta so. Abin da kake buƙata daga wannan shi ne wuri da lokacin da babu mai shigo maka, waya a kashe. Amma abin da ya fi amfani shi ne yadda yake yi da hirar yau da kullum. In ya rabu da baƙo, ko ya dawo daga sauraron jawabin wani, sai ya sauka ɗakin ya bi abin da aka faɗa daki-daki, ya jera hujjar kowane ɓangare, ya gwada faɗin magana ɗaya ta hanyoyi daban-daban. Wannan atisaye ko kwabo ba ya ci. Ka saurari muhawara a rediyo, ko gardamar 'yan majalisar bakin titi, ka koma gida ka rubuta abin da kowa ya ce cikin jimla uku, sannan ka nemi yadda za a faɗe shi ya fi haka ƙarfi, har da na ɓangaren da ba ka goyon baya.

Cikin abin da ya iso mana da sunansa akwai mabuɗan jawabi fiye da 50, gajeru, ba jawabin a bayansu. Kai ma ka ajiye littafi na mabuɗai. Minti na farko shi ne inda gwiwa ke sanyi, in kuwa jimlolinka uku na farko suna kanka, ƙafarka za ta tsaya kafin ka kai ta huɗu. An kuma ce ya kwafe littafin tarihin Tusididis da hannunsa har sau 8. Ka gwada da shafi ɗaya na marubucin da kake ganin girmansa, da biro, a hankali. Hannu yana lura da abin da ido ke tsallakewa.

Sai ragi. Mutumin da Demostenis ya fi shakka a dandamali shi ne Fosiyon, janar mai gajeriyar magana. In ya miƙe, Demostenis yakan raɗa wa na kusa da shi cewa ga gatarin jawabaina nan ya taso. An taɓa ganin Fosiyon yana kai da kawo cikin tunani kafin taro, aka tambaye shi, ya ce yana duba abin da zai iya ragewa ne daga abin da zai faɗa. In ka gama rubutu, ka bar shi ya kwana, ka dawo ka soke duk jimlar da in an cire ta ba wanda zai yi kewarta.

Yanzu sai murya da jiki

Hawansa na farko a taron gari dariya aka yi masa. Muryarsa ba ƙarfi, numfashinsa gajere yana yanke masa jimla a tsakiya, harafin "r" ba ya fita daidai, jimlolin kuma dogaye masu sarƙaƙiya. Wata rana da aka sake ƙin sauraronsa, ya kama hanyar gida ya lulluɓe kansa da mayafi, sai wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Satiros ya bi shi. Demostenis ya koka masa cewa ya fi kowa shan wahala a kan magana, amma mashaya da matuƙan jirgi ake saurara, shi a yi watsi da shi. Satiros ya ce ya karanto masa wasu baitoci daga wasannin Yurifidis ko Sofokilis. Ya karanta. Satiros ya karɓi baitocin nan dai ya maimaita su da murya da fuskar da suka dace, har Demostenis ya ji su sabbi a kunnensa. Daga baya, Sisero, fitaccen mai jawabi na Roma, ya ruwaito cewa an tambaye shi abin da ya fi muhimmanci a magana ya ce yadda aka isar da ita; na biyu fa, ya maimaita; na uku, ya sake maimaitawa.

Ka yi abin da Satiros ya yi masa. Nemi wanda ya fi ka, ka karanta sakin layi ɗaya, shi ma ya karanta shi, ka lura da inda ya tsaya da inda ya danna.

Tsakuwar kuwa, Dimitiriyos na Faleron, wani ɗan siyasar Atina, ne ya ce ya ji labarinta daga bakin Demostenis da kansa bayan ya tsufa. Amfaninta shi ne ta tilasta wa harshe da leɓe su yi aiki fiye da yadda suka saba. Ni ba na barin ɗalibi ya sa tsakuwa a baki, don ana iya haɗiye ta ko ta fasa haƙori. Muna da abin da ke yin wannan aiki a gida, wato karya-harshe: da kwaɗo da ƙato suka tafi ƙoto, kwaɗo ne zai ƙwace wa ƙato ƙoto, ko ƙato ne zai ƙwace wa kwaɗo ƙoto. Ka fara a hankali ƙwarai, kowane harafi ya fita, sauri ya zo daga baya. Yaron da ke da in'ina ta gaske kuma kada a matsa masa ko a yi masa tsawa. A ba shi lokaci, in da hali a kai shi wurin masani a asibiti.

Don numfashi, yakan karanta baitoci yana gudu ko yana hawan tudu. Matakalar bene ta isa: ka hau kana faɗin jimla ɗaya har ƙarshenta. An ce yakan je bakin teku a Faleron ya yi jawabi cikin rugugin ruwa don hayaniyar taro ta daina firgita shi. Yana da babban madubi a gida da yake tsayawa gabansa. An ce kuma ya rataye takobi daidai saman kafaɗarsa don ya daina ɗaga ta in yana magana. Kyamarar waya ta ɗauke maka madubi da takobin gaba ɗaya. Ka ɗauki kanka na minti uku, ka kalla da sauti a kashe, za ka ga hannun da ke gyara hula ba dalili da ƙafar da ke rawa. Ka gyara abu ɗaya a lokaci guda.

Akwai wata ɗaliba a ƙungiyarmu, rubutunta ya fi na kowa, amma ƙarshen kowace jimlarta cikin hijabinta yake mutuwa. Muka fita filin ƙwallo bayan an tashi, ta tsaya a raga ɗaya da ƙawarta, ni da sauran yara muka tsaya a tsakiyar fili. Duk kalmar da ba mu ji ba sai mu ɗaga hannu, ta koma farkon jimlar. Da farko ihu ta kama yi, muryar ta shaƙe. Na ce ta ɗora tafin hannu a cikinta, ta ja numfashi har ta ji hannun ya ɗaga, ta kuma sa alama da biro a duk inda za ta tsaya ta shaƙa. Da alamomin suka taru a jimla ɗaya, ita da kanta ta ga jimlar ce ta yi tsawo, ta raba ta biyu. Kafin ƙarshen zangon muna jin ta daga ɗaya ragar, rubutun nata ma ya ƙara tsafta.

Murya kuma dole ta dace da abin da ake faɗa. Wani mutum ya zo wa Demostenis yana neman ya taimaka masa da ƙara, ya ce an doke shi, amma da sanyin murya ya faɗa. Demostenis ya ce ai ba abin da aka yi maka. Mutumin ya harzuƙa ya ɗaga murya, ni ne ba a yi wa komai ba? Demostenis ya ce yanzu na ji muryar wanda aka zalunta.

Ka sa mai sauraro ya gani da idonsa

A nan ne nake ganin ya fi kowa. Ya rubuta wa wani saurayi, Ariston, jawabin ƙarar wani dattijo mai suna Konon da ya doke shi tare da ɗansa da abokansu. Jawabin ya faɗi yadda suka tuɓe masa mayafi, suka kayar da shi cikin taɓo, suka yi ta tsalle a kansa har leɓensa ya fashe, idanunsa suka rufe. Sai ya ƙara abu ɗaya: yana kwance, Konon ya tsaya yana cara irin ta zakaran da ya ci faɗa, abokansa na zuga shi ya riƙa buga gwiwar hannu a haƙarƙari a madadin fiffike. Mai hukunci zai iya manta yawan raunukan, amma zakaran nan zai bi shi har gida.

Ga wanda ya fi shahara. A ƙarshen 339 labari ya iso Atina cewa Filib ya kama Elatiya, garin da ke kan hanyar shigowa ƙasarsu. Shekara 9 bayan haka, da zai tuna wa masu hukunci wannan rana, ya fara da cewa da yamma ne. Manzo ya iso wurin shugabannin majalisa suna tsakiyar cin abinci. Suka miƙe suka bar abincin, wasu suka kori masu rumfuna daga kasuwa, wasu suka aika a kira janar-janar da mai busa ƙaho. Gari na wayewa, kafin majalisa ta gama zamanta jama'a sun riga sun cika tudu. Aka kawo manzon ya maimaita labarin. Mai shela ya tambaya wa ke son magana. Babu wanda ya tashi. Ya sake tambaya, ya sake, janar-janar na zaune, 'yan siyasa na zaune. Sai a nan ya ce shi ne ya fito. Shawarar da ya kawo ita ce a haɗa kai da birnin Tibis, tsohuwar abokiyar gabar Atina, ya kuma je da kansa ya shawo kan mutanenta.

Ka lura babu kalmar ado a ciki, ayyuka ne a jere, kowanne gajere. Ka bi jawabinka ka nemo duk inda ka rubuta "mutane na shan wahala" ko "abin ya yi muni", ka cire, ka sa mutum ɗaya da abin da ya same shi, da lokacin, da wurin. Sharaɗin shi ne abin ya faru da gaske.

In kana da abokin hamayya

A watan Agusta na 338 Filib ya ci rundunar Atina da Tibis a Kaironiya. 'Yan Atina 1,000 suka mutu, aka kama 2,000. Manufar Demostenis ce ta kai su can, shi ma yana cikin sahu, yana kuma cikin waɗanda suka gudu da sahu ya watse. Duk da haka shi mutanen gari suka zaɓa ya yi jawabin binne mamatan. A 336 wani mai suna Kitesifon ya kawo shawarar a ba shi kambin zinariya, sai Askinis, babban abokin gabarsa, tsohon ɗan wasan kwaikwayo mai zaƙin murya, ya kai ƙara cewa shawarar ta saɓa doka. Aka yi shari'ar a 330, Demostenis kuma shi ne ya tashi ya kare Kitesifon.

Ta fuskar doka Askinis yana da hujja: Demostenis bai riga ya gabatar da lissafin muƙamin da yake riƙe da shi ba lokacin da aka kawo shawarar. Don haka ya roƙi masu hukunci su tilasta masa bin jeren tuhumar. Demostenis ya buɗe da neman haƙƙinsa na jera kariyarsa yadda ya ga dama. Ya amsa batun dokar a taƙaice a tsakiya, ya ba da mafi yawan lokacinsa ga tambayar da ya san ita ce a zukatan mutane: shin kuskure muka yi da muka yi yaƙin? Bai musanta shan kashi ba. Ya ce ko da kowa ya san ƙarshen tun farko, bai dace Atina ta miƙa wuya ba, ya rantse da kakanninsu da suka tsaya wa rundunar Farisa a yaƙin Maraton. Askinis bai samu ko kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u ba, ya bar gari, ya ƙare yana koyarwa a tsibirin Rodos.

Abin ɗauka a nan: kada ka bar abokin hamayya ya tsara maka jeren maganarka, kada kuma ka tsallake inda kake da rauni. Ka amsa shi da gaskiya, a gajarce, ka koma inda ƙarfinka yake. Abin bari kuma yana cikin jawabin nan dai. Ya ci mutuncin uwar Askinis da ubansa, ya yi masa gorin talaucin ƙuruciya. Kotunan Atina sun saba da haka, amma ni ɗalibin da ya taɓa iyayen wani a muhawara zaunar da shi nake yi nan take.

Akwai wani abin bari da ya fi wannan nauyi. A 324 Harfalos, ma'ajin Iskandar ɗan Filib, ya gudo Atina da dukiya. Aka ce talanti 700 ne, da aka ƙirga sai aka sami kusan rabi. Binciken da Demostenis da kansa ya nemi a yi ya ambace shi da karɓar talanti 20, aka ci shi tarar talanti 50, aka tsare shi, ya tsere ya yi gudun hijira. Masana tarihi har yau suna jayayya a kan abin da ya yi da kuɗin, amma shekara talatin na magana ba su kare shi ba ranar da aka zargi hannunsa. In za ka riƙa tsayawa gaban jama'a, duk kuɗin jama'a da ya ratsa hannunka ka rubuta shi, da shaidu. Bayan mutuwar Iskandar a 323 an dawo da shi gida da girma, Atina ta sake tashi, aka sake cin ta a 322. Mutanen Antifata, mai mulkin Makidoniya, suka bi shi har ɗakin bautar Fosaidon a tsibirin Kalauriya, wanda yanzu ake kira Foros, inda ya sha guba ya mutu kafin su kama shi. A 280 mutanen Atina suka kafa masa mutum-mutumi na tagulla a kasuwar gari.

Abin da za ka karanta

Jawabai kimanin 60 ne suka iso mana da sunansa, wasu daga ciki masana sun ce na wasu ne. Akwai fassararsu ta Turanci kyauta a intanet. Kada ka fara da na kambi, dogo ne, kuma sai ka san tarihin za ka ji daɗinsa. Fara da ƙarar Konon, gajere ne mai sauƙi. Daga nan jawabin farko a kan Filib, sannan na uku, na shekarar 341, wanda ya fi duka zafi. Na kambi ya zo a ƙarshe, ka kuma karanta na Askinis kafin shi, don shi ma yana nan, ka ji ɓangarorin biyu yadda masu hukunci suka ji. Ka karanta da murya, a tsaye.

Sisero, wanda ya yi jawabai 14 a kan Antoniyo, abokin gabarsa a siyasar Roma, a 44 da 43 ya kuma ara musu sunan jawaban Demostenis a kan Filib, ya ɗauki jawaban kambin nan biyu ya mayar da su harshensa na Latin, ya ce ya yi haka ne a matsayin mai jawabi, yana bin ma'ana da ƙarfin magana maimakon ƙirga kalmomi. Wannan shi ne aikin ƙarshe da nake ba manyan ɗalibai. Ɗauki labarin yammacin Elatiya, ka mayar da shi Hausa yadda za ka faɗe shi a dandali, ka haddace, ka sami mutum biyar da ba su taɓa jin sunan garin ba ka faɗa musu. In ka gama, ka ce su maimaita maka abin da ya faru a jere. Duk inda suka rikice, ka koma takardarka ka gyara wurin, ka nemi wasu biyar ɗin.